Ganau ko Jiyau: Yadda Na Sake Gina Manazartar Kundina

Ban taɓa zaton akwai malamin da zai zauna ya bi manazarta ɗaya bayan ɗaya ba. A ganina shafukan nan na ƙarshen kundi cikon ƙa'ida ne kawai: a duba a ga suna da yawa, a ga waƙafi da aya sun zauna inda ya kamata, a wuce. Da wannan tunanin na kai wa Malamar da ke duba aikina babi na ɗaya da na biyu na kundin digirina na biyu, a watan Janairun 2024. Binciken a kan yadda iyaye mata ke samun bayani game da zazzaɓin cizon sauro ne. Madogara 74 na jera, 31 daga ciki na intanet ne, kuma har ga Allah ina ji da su.

Ba ta ko kalli gabatarwa ba. Sai ta juya takardun can ƙarshe, ta jawo kwamfutarta, ta ce in turo mata fayil ɗin yanzu-yanzu. Da ya shigo ta fara latsa adireshin shafukan ina zaune a gabanta. Na farko ya buɗe. Na biyu ya buɗe. Na uku ya daɗe yana juyawa, sannan ya fito da farin shafi da lambar nan 404 a tsakiya.

"Ina wannan ya tafi?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, wallahi yana nan lokacin da na ɗauko."

"Na yarda da kai. To ni da ban kasance a wurin ba, ina zan je in gani?"

Ban da amsa. Ta ci gaba da latsawa. Shida ne suka mutu murus. Ɗaya kuma ya buɗe, amma maimakon rahoton ƙungiyar da na ambata, sai ga tallan sayar da adireshin kansa. Duk wannan bai sanyaya min jiki ba kamar abin da ya biyo baya, domin shafin da ya fi ba ni kunya lafiyarsa ƙalau.

A sakin layin farko na kundin na rubuta cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har miliyan 247 a shekarar 2021, mutum 619,000 kuma suka rasu. Na jingina maganar ga shafin hukumar na taƙaitaccen bayani kan cutar. Malama ta juyo min da fuskar kwamfutar ta ce, "Karanta da ƙarfi." Na karanta: miliyan 249 a 2022, mace-mace 608,000. Na yi maza na ce ai wannan na sabuwar shekara ne, nawa na 2021 ne. Ta nuna min layin da yatsa. Shafin ya kawo na 2021 ɗin ma don kwatance, kuma miliyan 244 ya ce, mace-mace 610,000. Ko'ina a shafin babu 247.

Ni ban yi ƙarya ba, hukumar ma ba ta yi ba. A farkon 2023 na kwafi alƙaluman, lokacin suna nan yadda na rubuta su, an ɗauko su daga rahoton shekara-shekara na 2022. Da sabon rahoto ya fito a ƙarshen 2023, sai aka sabunta shafin a adireshinsa na da, kuma da yake ƙiyasi ne, duk shekara akan sake lissafin shekarun baya idan an sami ƙarin bayanai. Amma wanda zai ɗauki kundina ya bi adireshin da na ba shi ba shi da labarin duk wannan. Abin da zai gani shi ne ɗalibi ya ɗora wa hukuma adadin da ba ta faɗa ba.

Ta ba ni mako biyu. Abin da kawai ta ƙara shi ne, "Kowace madogara, ka tambayi kanka: ganau ne kai a kanta ko jiyau? In ganau ne, nuna min inda zan tsaya in ga abin da ka gani."

Na fara da ta Hukumar Lafiyar, don ita ta fi tsaya min a rai, kuma maganinta bai yi wuya ba. Rahoton shekara-shekara littafi ne cikakke da ake saukewa a PDF, yana da shekarar bugu da lambobin shafi, ba a kuma taɓa shi bayan ya fita. Na sauke na 2023, na sabunta alƙalumana, na jingina su gare shi da lambar shafi. Daga nan na ɗauki wata al'ada: duk inda abu yake da siffa biyu, shafin intanet da ake sabuntawa da kuma takarda tsayayya, takardar nake ambata.

Sashenmu salon APA yake bi, na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, bugu na bakwai da ya fito a ƙarshen 2019. Sai a lokacin na gane rabin manazartata a kan bugu na shida take, saboda daga tsofaffin kundaye na koyi tsarin. Bambancin ba shi da yawa amma yana nan. Bugu na bakwai ya daina neman a rubuta garin da aka buga littafi. Ya daina neman kalmomin nan da ake sa wa gaban kowane adireshi masu nufin "an samo daga". Idan marubuta sun kai uku, tun ambaton farko a cikin rubutu sunan na farko kawai ake sawa a bi shi da "et al.", wato "da sauransu", amma a manazarta ana jera su har mutum 20. Shafin intanet kuwa tsarinsa shi ne marubuci, kwanan wata, take da karkataccen rubutu, sunan dandalin, sai adireshi, ba a kuma sa aya bayan adireshin don kada ta manne masa ta lalata shi. Idan marubucin da dandalin abu ɗaya ne, kamar hukumar da ta wallafa a shafinta, ba a maimaita sunan. Ranar da mutum ya leƙa shafi ba a rubuta ta sai ga shafin da aka gina don ya riƙa canzawa, irin wanda ya kunyata ni ɗin nan. Duk wannan yini ɗaya ya ɗauke ni. Shi ne ɓangaren da ɗalibai suka fi tsoro, alhali shi ne mafi sauƙi.

Maƙalun mujallu ma ba su wahalar da ni ba bayan na fahimci DOI. Da can duk abin da na gani a saman burauza shi nake kwafowa, wani adireshin har layi uku yake ci, cike da alamomi. Ashe wasu daga ciki adireshin zaman da na yi ne a rumbun laburare, ba mai iya buɗe su sai wanda ya shiga da irin izinina, ni ma kuma bayan 'yan sa'o'i sun daina min aiki. DOI lamba ce ta dindindin da ake ba maƙala, kullum da 10 da ɗigo take farawa. Ko mujalla ta koma hannun wani kamfanin ɗab'i, ko ta sauya shafinta gaba ɗaya, ana gyara inda lambar ke nunawa, ita lambar ba ta motsi. Ƙungiyar Crossref, wadda ta fara aiki a 2000, ita ke rajistar mafi yawan na mujallu, kuma a shafinta mutum zai iya liƙa taken maƙala ya nemo lambarta kyauta. Goma sha ɗaya daga cikin madogaraina na intanet suna da DOI ban sani ba.

Wahalar gaske ta faro ne da na zo kan batun ganau da jiyau.

Akwai wata jimla a babi na biyu da nake matuƙar so. Ta ce mafi yawan iyaye mata sun fi amincewa da bayanin lafiyar da ya zo musu ta waya a kan wanda suka ji a asibiti. Na jingina ta ga wata maƙalar mujalla, da sunayen marubuta da shekara, tsaf-tsaf. Gaskiyar magana kuwa ban taɓa buɗe maƙalar ba. A wani shafin sharhi na ga maganar, shi kuma ya ɗauko daga labarin wata jarida, jaridar ce ta ambaci maƙalar. Na tsallake biyun na tsakiya na rubuta ta ƙarshe kamar da idona na karanta. Kowa na yin haka, na faɗa wa kaina a lokacin. Da na nemo maƙalar na zauna da ita, sai na tarar mata ƙalilan ne aka yi wa tambayoyi a asibiti guda, kuma abin da suka ce shi ne saƙon waya yana tuna musu ranar komawa asibiti. Babu maganar amincewa ko kaɗan. Jaridar ta ƙara gishiri a kanun labari, mai sharhin ya ƙara nasa, ni kuma na zo na naɗe duka na sa wa marubutan a baki. Da wani ya karanta kundina ya ɗauka, da ya zama na huɗu a layin, maganar kuma ta ƙara nauyi tunda yanzu a kundin jami'a take.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan ciwon, shi ya sa ba su karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, wanda ya ɓoye mai ba shi labari ya haura zuwa na sama kuma suna da sunan da suke kiran aikinsa, ba kuwa na yabo ba. APA ma ta bar ƙofa ga wanda ya kasa samun asali: ka ambaci asalin a cikin rubutu, ka ce kamar yadda wane ya kawo, sannan wanda ka karanta ɗin shi kaɗai za ka sa a manazarta. Babu kunya a cikin hakan. Sau biyu na yi amfani da ƙofar, ga wasu tsofaffin littattafai da na rasa. Ita jimlar tawa kuwa gogewa na yi, tare da sakin layi biyu da na gina a kanta.

Sai matattun shafukan nan shida. Wani ma'aikacin laburare ne ya nuna min Wayback Machine, rumbun da cibiyar Internet Archive ke tara hotunan shafukan intanet a cikinsa. Brewster Kahle ya kafa cibiyar a 1996, aka buɗe rumbun ga jama'a a 2001. Kana liƙa mataccen adireshi sai ya fito maka da kalanda, ranakun da aka ɗauki shafin suna da ɗigo mai launi. Na liƙa na farko gabana na faɗuwa. Ga ɗigo uku a 2022. Na latsa na ƙarshe, sai ga shafin nan yadda na san shi, har da hoton da ke gefe. Huɗu na ceto ta wannan hanyar, na sa adireshin rumbun a madadin na asali. Biyu kuwa ba a taɓa ɗaukarsu ba, sun yi ɓatan dabo.

Mutumin ya ce min, "Ɗalibi, kada ka jira sai shafi ya mutu. Ranar da ka karanta, ranar za ka adana." Ya nuna min akwatin da ake liƙa adireshi a cikinsa don rumbun ya ɗauki shafin nan take ya ba ka adireshi na dindindin mai ɗauke da kwanan wata. Bai kai minti ɗaya ba. Da na san da shi a farkon 2023, da ko shafin Hukumar Lafiyar bai kunyata ni ba.

Abin da ya ɗan rage min zafi shi ne gano cewa manya ma abin bai bar su ba. A 2014 Jonathan Zittrain da Kendra Albert da Lawrence Lessig na jami'ar Harvard sun bi adiresoshin da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka, suka tarar kusan rabi ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka ambata. A mujallun shari'ar da suka duba abin ya haura kashi 70 cikin ɗari. Laburaren makarantar shari'a ta can ne ya samar da Perma.cc saboda wannan matsalar. Daga baya, a watan Mayun 2024, cibiyar bincike ta Pew ta fitar da cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. In alƙalin kotun ƙoli bai tsira ba, ina ga ɗalibin da ke rubutu da tsakar dare.

Akwai wasu ƙananan tambayoyi da suka riƙa tasowa a hanya. Shafin da babu sunan marubuci: yawanci hukumar ko ƙungiyar da ta wallafa ita ce marubuciya, in kuma ita ma babu, take ne ke hawa gaba. Wanda babu kwanan wata: a sa "n.d.", kada a ɗauki shekarar haƙƙin mallaka da ke can ƙasan shafi, domin ta dandalin ce gaba ɗaya, sau da yawa ma da kanta take sauyawa duk Janairu. Na yi wannan kuskuren sau biyar. In za ka ɗauko magana kai tsaye daga shafin intanet da babu lambar shafi, sai ka ƙirga sakin layi ko ka ambaci kan sashen. In bidiyo ne ka ba da minti da daƙiƙa. Saƙon da wata ma'aikaciyar jinya ta turo min ta WhatsApp kuwa ba ya shiga manazarta sam, saboda mai karatu ba zai iya zuwa ya gani ba. A cikin rubutu kaɗai ake ambatonsa a matsayin tattaunawa ta kai tsaye, shi ma sai da na nemi izininta. Ni dai a raina na ce, shafin da ba a san wanda ya rubuta ba, ba a san yaushe ba, kafin ka tambayi yadda ake ambatonsa ka fara tambayar me ya kai shi cikin kundinka. Uku na fitar a kan wannan dalilin kaɗai.

Wikipedia ba ta cikin manazartata, amma ta yi min aiki fiye da yadda zan iya faɗa a gaban kwamiti. Ƙasan maƙalunta nake sauka in bi madogaransu zuwa asali. Wanda kuma dole ta sa ya ambace ta, kowace maƙala tana da tarihin gyare-gyare, kowane gyara da adireshinsa da ba ya canzawa. Shi ake bayarwa.

Na bar mafi muni a ƙarshe saboda har yanzu ina jin nauyinsa. Lokacin da nake haɗa babi na biyu, wani abokin karatuna ya turo min jerin maƙalu biyar "masu alaƙa da aikinka". Uku na samu na karanta. Biyu ban samu ba, amma takensu ya yi daidai da abin da nake nema kamar an auna, sai na sa su da niyyar zan nemo daga baya. Yanzu da na tashi nema, na liƙa DOI ta farko, aka ce babu irin wannan lamba. Ta biyu ta buɗe, amma wata maƙala ce kan abin da ko kusa bai shafi lafiya ba. Na shiga shafin mujallar na bi fitowar shekarar kaf, lamba bayan lamba. Mujallar gaskiya ce, marubutan ma akwai masu irin sunayen a fannin, amma maƙalun ba a taɓa rubuta su ba. Na kira abokin. Ya yi shiru, sannan ya ce wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ya tambaya, shi ma bai duba ba. Irin waɗannan manhajoji suna harhaɗa abin da ya yi kama da madogara ne, suna da shekara da lambar shafi duka a mazauninsu, ko akwai ta a duniya ko babu. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. Ni Allah ya rufa min asiri, Malama ba ta kai ga waɗannan biyun ba a ranar, don sun faɗo can ƙasan jerin haruffa. Da na koma ni na faɗa mata da bakina. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Da mai jarrabawa na waje ne ya gano, da ba wannan maganar muke yi ba."

A mako na biyu na koma amfani da Zotero, manhajar tara madogarai ta kyauta da aka fara a jami'ar George Mason a 2006. Tana ɗaukar bayanan maƙala da latsawa ɗaya, ta ajiye kwafin shafin a kwamfutarka, ta jera manazarta a salon da ka zaɓa, har takan yi gargaɗi da jan launi idan mujalla ta janye wata maƙala da ke cikin tarinka. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta rigakafi da cutar galahanga, wato autism, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma kwafinta na nan yana yawo a intanet. Sai dai duk wata manhaja abin da shafi ya ba ta shi take ɗauka. In shafin ya sa sunan dandali a gurbin marubuci, haka za ta kawo maka. Don haka kowace ɗaya sai na buɗe na gwada da asalinta, na kuma ƙara layi guda a ƙasa: ranar da na karanta, shafin da maganar take, da adireshin rumbu.

Na koma wurin Malama da madogara 63. Ta sake jawo kwamfutar, ta latsa bakwai ba bisa jeri ba, duk suka buɗe. A ta ƙarshe ta sauka har shafin da na ambata, ta karanta layin, ta duba nawa, sannan ta juya takardun zuwa gabatarwa ta ɗauki jan biro.

Daren da zan kai kundin wurin ɗauri, wata bakwai bayan haka, na sake bin adiresoshin gaba ɗaya. Shafuka biyu sun ƙara mutuwa a tsakani, ɗaya na wata ƙungiyar agaji da ta sauya tsarin dandalinta. Na buɗe Zotero, na kwafo adireshin rumbu na kowannensu daga layin da na rubuta a ƙasa, na liƙa, na latsa na ga sun buɗe, na tura fayil ɗin.